Yadda Ake Gyara Armuwar ta Kwali Ta Ɗauki Tufafin Gidan Bahaushe

Armuwar ɗin nan da ake sayarwa a cikin kwalaye, wadda maƙwabtanmu na Katsina da Kano ke kira wadrob, ta zama ruwan dare a kayan ɗakin amare a Maradi, domin ta fi aikin kafinta saurin samuwa, kuma tana da sheƙin da ke ɗaukar ido. Salon sayar da kayan ɗaki a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa, kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ne ya yaɗa shi tun daga shekarar 1956, kuma waɗanda ke shigo mana daga Sin da Turkiyya da Dubai duk tsarin nan suka bi. Matsalar ita ce an tsara cikinta ne domin kwat da gajerun riguna na Turawa: sandar rataya guda ɗaya a sama, kantoci biyu ko uku masu nisa tsakani, shi ke nan. Mu kuwa tufafinmu atamfa ce da shadda da leshi da babbar riga, yawancinsu ninkewa ake yi, ga nauyi, waɗanda ake ratayewa kuma dogaye ne har idon sawu. Shi ya sa za a ga armuwar ta cika maƙil a ƙasa, rabin samanta iska ce kawai, akwatunan lefe kuma suna jibge a gefen gado.

Aikin farko ba a jikin armuwar yake ba, a jikin tufafin yake. A shimfiɗa tabarma, a fito da komai, a raba shi gida uku: abin da ake ninkewa, abin da ake ratayewa, da abin da ba a taɓawa sai lokaci-lokaci, kamar barguna da rigunan sanyi da ke jiran hunturu. Daga nan sai a ɗauko mita a auna. A auna faɗi da tsawon turmin atamfa a ninke, a auna babbar riga yadda mai guga ko mai bugu ya saba kawo ta, a rataya kaftani mafi tsawo da abaya mafi tsawo a kan hanga a auna daga ƙugiyar hangar zuwa bakin rigar. A rubuta lambobin nan a takarda, domin su ne za su yanke hukuncin inda kowace kanta za ta zauna. A mafi yawan gidaje za a tarar gajerun riguna suna bukatar santimita 100, kaftani da abaya kuma tsakanin 150 da 165, sannan a tarar abin ninkewa ya ninka abin ratayewa sau biyu ko uku.

Sai kuma a san abin da aka saya. Jikin irin wannan armuwar ba icce ba ne, garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe shi da farar fata ko mai zanen icce, kaurinsa yawanci tsakanin milimita 15 da 18, bayanta kuma wani siririn allo ne mai kaurin milimita 3 kacal. Na koyi wannan ne a ɗakin ƙanwata a unguwar Zariya, inda kantar da ta jibga wa atamfofin lefe ta lanƙwashe kamar baka kafin shekara ta zagayo, har ƴan ƙarafan da ke riƙe da ita suka yage ramukansu. Kafintan da muka kira, wani dattijo, ya sa farce ya ɓantari gefen allon, ya murje shi a tafin hannunsa ya nuna mini, ya ce: "Alhaji, ai wannan dussa ce aka manne. Tana son a lallaɓa ta." Abu biyu garin katako ba ya jurewa, ruwa da nauyi mai daɗewa, kuma duk gyaran da za a yi dole ne ya yi la'akari da su. Wanda ya ƙara kantoci bai ƙarfafa jikin ba, ya ƙara wa jaki kaya ne alhali ƙafarsa na ciwo.

Idan ba a riga an haɗa ta ba, a auna ɗakin tukuna, musamman tsayin silin. Ana haɗa armuwar a kwance ne sannan a tayar da ita, kuma a lokacin tayarwar kusurwarta ta fi tsayinta bukatar wuri: mai tsayin santimita 200 da zurfin 58 tana bukatar kusan santimita 209 kafin ta miƙe, mai tsayin 236 kuwa sai an sami 243. Inda silin bai kai haka ba, sai a haɗa ta a tsaye, da mutum biyu. A duba kuma inda fanka ke juyawa, da inda ƙofar ɗaki ke buɗewa.

Kafin a ɗaura bis ko ɗaya, wato kusar nan mai murɗi da wasu ke kira sukuru, akwai wani ɗan aiki da takardar da ke cikin kwalin ba ta ambata ba, alhali shi ne ke ƙara wa armuwar shekaru a irin ƙasarmu. Duk gefen allon da ba a lulluɓe ba, inda garin katakon ke bayyane, musamman ƙasan allunan gefe da za su fuskanci daɓe, a shafe shi da fenti mai mai ko farin gam na katako har sau biyu, a bari ya bushe. Ta nan ne ruwan goge ɗaki ke shiga, allon ya kumbura ya yi burtsi, kuma idan ya kumbura ba ya komawa. Sannan a zuba ƙananan ƙarafan a cikin faranti, a ƙirga su daidai da abin da takardar ta nuna, a hana yara zuwa wurin. Ƴan turakun icce da ake cusawa cikin ramuka, masu kaurin milimita 8, ana iya ɗiga musu gam domin haɗin ya yi ƙarfi, amma mai zaman haya ya yi tunani tukuna, domin abin da aka manne ba ya warwaruwa ranar tashi sai da ɓarna. Makullan ƙarfen nan masu kama da kwabo, waɗanda ake murɗawa su kama kan bis, da hannu ake ɗaure su, kusan rabin zagaye, kuma da zarar sun cije sai a tsaya.

Bayan an haɗa gangar jikin, kafin a buga allon baya, a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan lambobin biyu ba su zo daidai ba, armuwar ta karkace, kuma ƙofofinta ba za su taɓa haɗuwa ba komai gyaran da aka yi musu daga baya. A tura ta a hankali har awon ya daidaita. Allon bayan nan, duk da sirantarsa, shi ne ke hana armuwar rangaji, don haka ba a yi masa rowar kusa: a buga ɗaya a kowane santimita 10 zuwa 15. A ganina ma ya fi kyau a ajiye shi gefe a yanko filawud mai kaurin milimita 5 ko 6, wanda kafintocinmu ke kira kwantirfilake, a ɗaure shi da ƙananan bis. Kuɗinsa ƴan jikkuna ne, amma bambancin da yake kawowa ana jin sa da hannu idan aka girgiza armuwar.

Mataki na gaba shi ne ɗaga ta daga ƙasa. Duk wanda ya yi damina a Maradi ya san yadda ruwan watan Agusta ke iya kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa cikin dare, balle a unguwannin da ke gangaren Gulbi. A kai wa mai walda awon gindin armuwar, ya haɗa ƙaramin gado na ƙarfe mai tsayin santimita 10 zuwa 12, da ƙafafu huɗu a kusurwoyi da ƙarin biyu a tsakiya idan faɗin ya wuce mita ɗaya, a shafa masa fentin hana tsatsa. Na fifita ƙarfe a kan icce saboda gara, domin tana gina hanyarta ne a ɓoye, kuma idan akwai sarari a ƙasa tsintsiya na shiga, ido ma na ganin hanyar tun tana sabuwa. A ɗora nibon magina a kai, wato ma'aunin nan mai ruwa da ke nuna ko abu ya karkace, a cusa ƴan ɓaraguzan karo, wato tayil, ko roba a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza har ya daidaita. A bar kuma tazarar yatsu biyu tsakanin armuwar da bango, domin bangon da ya sha ruwa yana yin gumi.

Ɗaure ta a bango ba abin da za a ce sai an samu lokaci ba ne. Doguwar armuwar da aka buɗe ƙofofinta, aka jawo durowa, yaro ya taka domin ya ɗauko wani abu a sama, tana iya kifowa a kansa. A shekarar 2016 IKEA ta janye kayan ajiyar tufafi masu durowa miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan irin wannan haɗari ya yi sanadin mutuwar yara. Ana amfani da ƙarfe biyu masu lanƙwasa kamar kusurwa, a ɗaura ɓangare ɗaya a saman armuwar kusa da allunan gefe, ɗayan kuma a bango. A bangon siminti, a huda rami na milimita 8, a cusa ƴar robar da ke riƙe bis, kuma a nemi wurin da bulo ke da tauri, kada a faɗa cikin kogonsa. A guji hudawa daidai saman makunnin wuta ko soket, domin ta nan wayoyi ke bi. Ginin ƙasa ba ya riƙe roba, don haka sai a haƙa ɗan rami, a dasa guntun icce mai ƙwari da siminti, idan ya bushe a ɗaura bis a jikinsa.

Yanzu aka zo ga ainihin ƙarin wuri. Idan aka leƙa cikin allunan gefe, a yawancin irin wannan armuwar za a ga jerin ƙananan ramuka, faɗin kowanne milimita 5, tazararsu milimita 32, wanda shi ne ma'aunin da masana'antun kayan ɗaki suka daɗe suna bi. Inda ramukan suka sauka daga sama har ƙasa, aiki ya yi sauƙi, sai a sayo ƴan ƙarafan ɗora kanta masu kaurin milimita 5. Amma masu araha sukan zo da ramuka a wuri uku ko huɗu kawai, sai an huda sababbi. A samu siririn filawud mai tsawo, a yi masa ramuka a layi ɗaya daidai inda ake so, a yi wa ƙasansa alama, sannan a riƙa jingina shi a kan daɓen armuwar ana hudawa ta cikinsa, gaba da baya, dama da hagu. Ta haka ramuka huɗun kowace kanta za su zo daidai, ba tare da an yi ta awo ana kuskure ba. A naɗa salatif a bakin injin huda daidai milimita 10 daga tsininsa, da zarar salatif ya taɓa allo a tsaya, in ba haka ba bakin zai ɓullo ta waje ya fasa fatar, tabon da ba ya gyaruwa.

Ga misalin lissafi. Ɓangaren da tsayin cikinsa ya kai santimita 190, idan aka sa masa kantoci 6 masu kaurin milimita 18, zai ba da hawa 7, kowanne kusan santimita 25. Wannan tazarar ta dace da atamfa da leshi da zannuwa, domin tulin da ya wuce haka rushewa yake yi duk ranar da aka zaro na ƙasa. Ba dole ba ne hawan su zama daidai wa daida. Shaddar da aka buga tana son hawa gajere, santimita 12 zuwa 15, a sa biyu ko uku kawai, domin nauyin tuli yana kashe mata ƙyalli yana kuma karya karin gugar. Huluna ma santimita 15 ya ishe su, kuma tun da faɗin hula bai cika wuce santimita 19 ba, kanta ɗaya tana ɗaukar layi biyu ko uku. Babbar riga wurinta kanta mai faɗi, ba hanga ba, saboda nauyinta yana jan wuya ya ɓata zaman aikin.

Sababbin kantocin kada a yi su da garin katako. A sayi filawud mai kaurin milimita 15 ko 18. Falle ɗaya yana zuwa da santimita 122 a 244, kuma idan kowace kanta 56 ce a 50, za a fitar da 8, ragowar kuma ta yi amfani. A ba kafinta awon a rubuce, a rage milimita 2 daga faɗin cikin armuwar domin kantar ta shiga ba da dole ba, a goge gefunan da sanfefa sosai, a shafa musu fenti, domin tsinin filawud yana jan zaren leshi. Kantar da za ta ɗauki atamfofi masu yawa kuwa, ƴan ƙarafan nan huɗu ba za su iya da ita ba. Turmi ɗaya yadi 6 ne, kuma wanda ya ɗaga turmi 20 a hannu ya san ba wasa ba ne. A nan ragowar filawud ɗin za ta yi aiki: a yanka ta sirara, faɗin santimita 3, a shafa gam, a ɗaure ta a jikin allon gefe da bis uku, kantar ta kwanta a kai. Idan kaurin siririn milimita 15 ne, bis mai tsawon 25 ya isa. A fara huda ɗan ƙaramin rami kafin a murɗa, kada kuma a matso bakin allo fiye da santimita 5, domin nan ne garin katako ke tsagewa. Duk kantar da faɗinta ya wuce santimita 70 zuwa 80, a tsaya mata da allo a tsakiya, wanda zai raba wurin gida biyu, ya kuma hana tulin zannuwa zubewa cikin na kusa.

Ɓangaren rataya bai da wahala. Sandar tana zama a tsakiyar zurfin armuwar, da tazarar santimita 5 ko 6 daga kantar da ke samanta, domin ƙugiyar hanga ta samu wurin fita. A gefen kaftani da abaya, a sauko da sandar daidai awon da aka rubuta tun farko, sararin da ya ragu a sama ya zama kanta. A gefen yara ko gajerun riguna, sanda biyu ake sawa, ɗaya a kan ɗaya, tazarar santimita 95 zuwa 100, nan take wurin ya ninka. Sandar da ke zuwa a kwali sau da yawa siririya ce, gara a musanya ta da bututun ƙarfe mai kaurin milimita 25, kuma idan tsawonsa ya wuce santimita 90 a tallafe shi a tsakiya. Hanga tana da faɗin santimita 42 zuwa 45, saboda haka armuwar da zurfin cikinta bai kai 52 ba ƙofarta za ta riƙa danne hannayen riguna. Irin wannan sai a sa mata gajeriyar sanda mai fuskantar mai buɗewa, rigunan su jeru ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ƙofa wuri ne da ake mantawa da shi. Siraran sanduna biyu ko uku a kwance sun isa su ɗauki ɗankwalaye da gyale da hijabai, amma sai an rage zurfin kantocin da ke fuskantarsu da santimita 5 ko 6 tun wurin yanka, in ba haka ba ƙofar ba za ta rufu ba. Abu mara nauyi kawai ake ratayawa a nan. Wanda ke son manna madubi a ƙofa ya ƙara mata hinji ɗaya, wanda ke bukatar rami mai faɗin milimita 35, aikin da ya fi kyau a bar wa kafinta. Idan bis ɗin hinji ya ƙwaƙule raminsa, a cika ramin da gam da tsinkayen ashana, a bari ya kwana, sannan a mayar.

Tsakanin saman armuwar da silin akwai sararin da ƙurar hunturu ke mayarwa gidanta. A sa kafinta ya haɗa akwatin filawud daidai faɗi da zurfin armuwar, mai ƙofofi, a ɗora shi yadda nauyinsa zai sauka a kan allunan gefe, ba tsakiyar rufin ba, a ɗaure shi da bis ta ciki, shi ma a kama shi da bango. Barguna da zannuwan gado da akwatunan da babu kaya a ciki su ne mazauna wannan wuri, masu nauyi kuwa ƙasa. Domin ƙura, a manna siririn soso mai gam a kewayen inda ƙofofi ke kwantawa. Sai dai rufewa ruf tana da nata sharri a damina, lokacin da tufafi ke yin warin ruma, don haka a huda ramuka uku ko huɗu a allon baya, sama da ƙasa, a rufe su da ragar sauro ta ƙarfe, a riƙa kuma barin ƙofofin a buɗe na ɗan lokaci ranar da rana ta fito.

Kaskon turare ba ya shiga cikin armuwar ko da wasa, domin garin katako da gam da tufafi duk abincin wuta ne. A turara kaya a kan kabbasa, su huce, sannan a jera. Kwalaben humra a zuba su a cikin tire mai baki, saboda mai yana bin gefen allo ya shige. Kafur kuma, ƙwayoyin nan farare da ake sawa domin asu da kyankyaso, a nisanta shi da kayan jarirai, domin sinadarin naftalin da ke cikinsa yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani, kuma yaro na iya ɗaukarsa alewa. Busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, a ƙulle cikin ƙyalle ya fi kwanciyar hankali a wannan hawa.

Mai son sauya launi ya sani fatar nan mai santsi ba ta kama fenti haka kawai. Sai an wanke maiƙon jikinta, an goge ta sama-sama da sanfefa mai laushi, lamba 180 zuwa 220, an shafa fentin share fage mai kama santsi, sannan a bi da fentin da ake so sau biyu, siriri-siriri, a ranar da babu iska mai ƙura. Sauya marikan ƙofa ya fi wannan sauƙi, sai dai a tafi kasuwa da tsohon a aljihu domin tazarar ramukan ta zo daidai.

Allon yana shan danshi a damina, ya bushe ya tsuke a hunturu da bazara, kuma wannan kai da komo yana sassauta haɗin a hankali. Saboda haka a ajiye takardar haɗawa da ragowar ƙarafan a cikin leda, a manne ta a cikin rufin armuwar, kuma idan damina ta ɗauke a watan Oktoba a sauke kayan, a bi makullan da bis ɗin hinji ɗaya bayan ɗaya da turnabis, wato abin murɗa bis, a haska ƙarƙashin gadon ƙarfen da tocila a duba hanyar gara, kantar da ta fara lanƙwasa kuma a juya ta, cikinta ya koma sama.